Malam, Ƙyale Yaran Gaza Su Yi Rawarsu

Ina neman afuwar masu karatu, yau na ɗan jingine alƙalamin soyayya, domin akwai wata magana da ta tokare mini maƙogwaro, in ban amayar da ita ba, babu babin da zai rubutu.

Kwanakin baya muna zaune a shagon wani mai sayar da littattafai, inda muka saba haɗuwa bayan la'asar, sai yaron shagon ya miƙo waya yana nuna mana wani ɗan bidiyo daga Gaza. Yara ne kamar goma sha biyu, maza da mata, sun riƙe hannun juna a layi suna dukan ƙasa da ƙafa, irin rawar nan tasu ta gargajiya da suke kira dabka. A bayansu tantuna ne jere, can gaba kuma wani bene ya durƙushe, rodi sun yi cirko-cirko. Wani saurayi yana buga musu ganga yana ƙirga musu taku. Ni dai ƙwalla ce ta cika mini ido. Amma wani babba a cikinmu, wanda ya girme ni a shekaru ya kuma girme ni a alƙalami, sai ya ja tsaki ya ce, "Ka ji irinta ko? Mu muna nan muna yi musu alƙunutu, su suna can suna tsalle-tsalle. Mutumin da ake kashewa ina ya ga ta rawa? Wannan duk aikin ƙungiyoyin Turawa ne, a shagaltar da yara da kiɗa da zane-zane, a ce wai ana gyara musu ƙwaƙwalwa."

Ban tanka ba a wurin, domin ba a yi mini tarbiyyar sa-in-sa da babba a gaban yara ba. Amma Malam, tun da kai ma mai rubutu ne, ga amsata a rubuce, kuma ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka ja tsaki na biyu.

Da farko zan ba ka gaskiyarka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ganga ba ta zama tuwo, fenti ba ya ɗinke rauni. Zuwa ƙarshen watan Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga fiye da mutum 60,000 da aka kashe tun daga Oktoban 2023, kuma a watan Agustan wannan shekarar ta 2025 aka tabbatar a hukumance cewa yunwa ta kai matakin kisa a birnin Gaza. Duk wanda ya je wa uwar da ɗanta ke mutuwa da yunwa da kwalin alli mai launi, ya ce mata ga fata nagari ya kawo, ya ci mutuncinta. Na kuma yarda akwai masu cin abinci da wahalar mutane, su tara yara su ɗauki hoto su aika wa masu ba da kuɗi. Mu nan ma mun san irinsu. To amma daga nan hanyarmu ta rabu.

Abin da ya fi ba ni haushi a maganarka shi ne wannan kalma ta "mu muna nan". Wato kamar Falasɗinawa bashi suka ci a wurinmu, kuma abin biyan shi ne su yi ta kuka ba dare ba rana don alƙunutunmu ya yi daɗi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mun fi son Bafalasɗine a cikin likkafani. Hoton gawar jariri shi ne ke yawo a wayoyinmu, mu tura wa mutum ɗari, mu rubuta innalillahi, mu kwanta barci. Ran da muka ga yaron yana dariya sai mu ji kamar an cuce mu, tausayinmu ya tafi a banza. Haba Malam! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da suke cikin wannan hali tun 1948, lokacin da aka kori kimanin mutum 750,000 daga gidajensu aka shafe ƙauyuka fiye da 400, su ne za mu koya wa yadda ake baƙin ciki daga kan benci a kasuwa?

Kai da kake ganin al'ada wasan yara ce, tambayi wanda yake yaƙarsu, shi bai raina ta ba. A 1948, ana cikin yaƙi, sai da aka ware mutane suna bin gidajen Falasɗinawa na yammacin Ƙudus suna kwashe littattafai dubbai, aka kai ɗakin karatun da yanzu shi ne na ƙasar Isra'ila, aka yi wa wasunsu lamba wai dukiya ce da masu ita suka yasar. A 1982 da sojojin Isra'ila suka shiga Beirut, suka je cibiyar binciken tarihi ta Falasɗinawa suka loda takardu da littattafai a motoci suka yi gaba. Me soja zai yi da tsohuwar takarda? Amsar tana bakin Golda Meir, firaministarsu, wadda a 1969 ta faɗa wa wata jaridar Ingila cewa babu wata al'umma mai suna Falasɗinawa. Mai wannan da'awa babu abin da yake tsoro kamar tsohuwar waƙa da tsohon littafi da tsohuwar riga, domin su ne shaidun da ke ƙaryata shi. Shi ya sa bayan 1967 aka haramta ɗaga tutarsu har zuwa 1993, aka kai matsayin da ake rufe ɗakin nunin zane a Ramallah ana gargaɗin masu zane kan launukan ja da kore da baƙi da fari. Daga nan kankana ta samo darajar da kuke ganin ana liƙa hotonta, domin in ka yanka ta duk launukan nan huɗu suna ciki.

Mu marubutan ƙagaggun labarai kuwa muna da namu mamatan a can. Ghassan Kanafani, wanda ya rubuta labarin mutum uku da suka shiga cikin tankar ruwa don a tsallakar da su Kuwait neman abinci, zafi ya kashe su a ciki, bam aka dasa masa a mota a Beirut a 1972, ya mutu tare da 'yar 'yar'uwarsa mai shekara 17. Gaskiya ne shi kakakin wata ƙungiyar gwagwarmaya ne, amma yau ba da sanarwoyinsa ake tuna shi ba, da wannan tankar ake tuna shi. Hiba Abu Nada, marubuciya mai shekara 32, an kashe ta a Khan Yunus a watan Oktoban 2023. Rifa'at Al'arir, malamin adabi a Jami'ar Musulunci ta Gaza, wanda ya tara matasa yana koya musu rubuta labarin kansu da kansu don kada su tashi a matsayin lambobi a bakin 'yan jarida, an kashe shi a watan Disamban 2023 tare da wasu 'yan gidansu. Shagon littattafai na Samir Mansur an rushe shi a 2021, mutanen duniya suka tara kuɗi da littattafai aka sake buɗe shi a 2022, yaƙin 2023 ya sake faɗa masa. Malam, shago ne kamar wanda muke zaune a ciki lokacin da ka ja tsakin nan.

Bari in daɗe a kan labari guda, domin shi ne ya fi kama da gardamarmu, kuma akwai makami a cikinsa da za ka iya ɗauka ka buge ni da shi.

A sansanin 'yan gudun hijira na Jenin, a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, lokacin boren farko na duwatsu wanda ya fara a 1987, an rufe makarantu, yara suna gararamba tsakanin soja da hayaƙi. Sai wata mata mai suna Arna Mer-Khamis ta shiga sansanin tana tara yara tana ba su takarda da fenti, tana sa su wasan kwaikwayo. Ka san wace ce ita? Bayahudiya ce 'yar Isra'ila, mijinta Bafalasɗine. Da aka ba ta wata kyauta ta duniya a 1993, sai ta zuba kuɗin ta gina ɗan dandalin wasa a saman gidan wasu mutanen sansanin, iyalan Zubaidi. Abin da take yi bai wuce wannan ba: yaron da aka rushe gidansu jiya, wanda ya ƙi magana ya ƙi kuka, ta sa shi ya hau dandali ya yi ihu, ya kwaikwayi sojan, ya yayyaga takarda, har abin da ya daskare masa a ƙirji ya narke. Ta rasu a 1995. A 2002 sojoji suka afka wa sansanin, katafila ta bi ta kan gidan da dandalin, matar gidan kuwa an riga an harbe ta kafin nan. Da yawa daga cikin yaran wasan sun girma sun ɗauki bindiga, kuma sun mutu da ita a hannu. Ɗan Arna, Juliano, ya haɗa fim a kansu wanda ya fito a 2004, za ka ga yaro yana dariya da kayan wasa a jikinsa, can gaba ka ga hotonsa a bango.

Ga makamin naka nan: wasan kwaikwayo bai hana ko harsashi ɗaya ba. Na yarda. Amma ka saurari ƙarashen. Ɗaya daga cikin yaran da suka rayu, Zakariya Zubaidi, ɗan matar gidan nan da aka harbe, shi ne ya zama kwamandan mayaƙan Jenin, Isra'ila ta yi ta nemansa ruwa a jallo. Wannan mutumin, wanda ya san bindiga fiye da yadda ni da kai muka san biro, yana cikin waɗanda suka tsaya tare da Juliano aka sake gina gidan wasan a 2006, aka raɗa masa suna Dandalin 'Yanci. Shi ne kuma yana cikin mutum shida da suka haƙa rami suka tsere daga kurkukun Gilbowa a 2021. Za ka ce masa shi ma Turawa ne suka shagaltar da shi? In mutumin da ya binne uwarsa da abokan wasansa ya ga yaran unguwarsu suna buƙatar dandali, ni wane ne in zauna a inuwa in ce masa ɓata lokaci yake yi?

Ban ɓoye maka ba, masu irin ra'ayinka akwai su a can ma. An yi yunƙurin cinna wa gidan wuta a 2009. A watan Afrilun 2011 wani mai rufe da fuska ya harbe Juliano a ƙofar gidan wasan, a cikin motarsa. Sannan a Disamban 2023 sojojin Isra'ila suka fasa gidan suka kama shugabanninsa. Gida ɗaya, ana dukansa ta waje ana dukansa ta ciki. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja, ruwa ba ya tsami banza.

Sai batun "gyara ƙwaƙwalwa" da ka faɗa da gatse. Mu Hausawa in aka ce ciwon ƙwaƙwalwa sai mu hango mai yawo tsirara a bola, saboda haka muke ganin zancen kamar zagi. Wanda ya fara wannan aiki a Gaza ɗan gida ne, Dokta Iyad Sarraj, wanda aka koro iyayensa daga Bi'ir Saba'a a 1948 yana ƙaramin yaro. A 1990 ya kafa shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar jama'a a Gaza, yana duba mutanen da suka fito daga kurkuku bayan azabtarwa, da matansu, da 'ya'yansu. Ya sha nanata wani abu da duk uba zai gane: yaron da aka daki ubansa a gabansa, uban ya kasa kare kansa, wani abu ya karye a ransa wanda ba a gani a hoton asibiti, kuma zai girma yana neman inda zai huce. Likitan nan bai zama ɗan koren kowa ba, hukumar Falasɗinawa ma sai da ta tsare shi saboda sukar da yake mata. Ya rasu a 2013.

Tun kafin wannan yaƙi, a 2022, ƙungiyar Save the Children ta bincika ta ce yara huɗu cikin biyar a Gaza suna rayuwa cikin tsoro da ƙunci da baƙin ciki, bayan shekara 15 ana killace da su. Fitsarin kwance, firgita cikin dare, yaro ya daina magana ɗungurungum. Wata likitarsu, Dokta Sama Jabr, ta yi wani bayani da ya zauna mini a rai. Ta ce littattafan likitancin Turawa suna maganar ciwon da ke kama mutum bayan masifa ta wuce, alhali su tasu masifar ba ta wuce ba, saboda haka tsoron da yaron yake ji gaskiya ne, jirgin yana nan sama. To in haka ne, Malam, ina likitocin da za su zauna da yara kusan miliyan ɗaya, ɗai-ɗai, a ɗaki mai kujera? Babu su. Abin da ya rage shi ne a tara yara ashirin a tanti, a ba su alli su zana abin da bakinsu ya kasa faɗa, a sa su riƙe hannun juna su daki ƙasa tare, jikin da ya saba zabura da ƙarar bam ya ji wata ƙara wadda shi ne ya yi ta da ƙafarsa. Saurayin nan mai ganga da ka raina, a wannan unguwar ta tantuna shi ne asibitin.

Kuma wa ya ce maka baƙon abu ne? Su ma suna da tatsuniya irin tamu, suna kiranta hikaya, tsofaffin mata ke yi wa mata da yara cikin daren hunturu, har UNESCO ta saka ta cikin kayan gadon duniya a 2008. Suna da surfanin hannu da suke kira taɗriz, wanda in ka ga rigar mace za ka iya sanin yankin da ta fito daga irin aikin da ke ƙirjin rigar. Ƙauyen an shafe shi, an dasa itatuwa a kufansa, amma yana nan a rigar jikanyar da aka haifa a sansani a Labanon, wadda ba ta taɓa taka ƙasar ba. Lokacin da aka hana tuta, mata suka ɗinka ta da zare a jikin rigunansu, in soja ya isa ya tuɓe su. A sansanonin Labanon tun 1969 ake tara mata suna wannan ɗinki ana saye, su ciyar da gida, su kuma sami inda za su zauna su yi hira su yi kuka tare. Wace Baturiya ce ta koya wa kakarka cewa in an yi rashi a zo a zauna tare kwana bakwai?

Wani abin dariya mai kama da kuka. A 2007 ma'aikatar ilimi ta Falasɗinu, lokacin tana hannun Hamas, ta ba da umarnin a kwashe wani littafin tatsuniyoyin nan nasu daga makarantu, wai akwai kalmomin batsa a ciki. Marubuta da malamai suka yi ca, aka janye umarnin. A wannan shekarar ce dai aka tara littattafan Hausa a Kano aka cinna musu wuta. Kai da kanka ka yi ta faɗa a lokacin kana cewa ba a yi mana adalci ba. Ashe dai in abin ya zo kan littafinka adabi ne, in ya zo kan gangar yaron Gaza shashanci ne?

In kuwa ta fuskar addini kake jin nauyin abin, ni ba malami ba ne, sakandare na tsaya, kuma ba zan shiga hukuncin ganga ba, wannan na masu shi ne. Amma a islamiyya an karantar da mu cewa ranar haƙa ramin Khandaƙ, ga yunwa har ana ɗaura dutse a ciki, ga sanyi, ga maƙiya sun taho, Sahabbai suna haƙa suna rera baitoci, Manzon Allah (SAW) yana amsa musu. Ba a ce musu wanda aka kewaye ina ya ga ta waƙa ba. Su Falasɗinawa suna da kalma guda da suke taƙama da ita, sumud, wato turjiya, ka kafe a inda kake ka ci gaba da rayuwa. Mai son ya kore ka daga ƙasarka ba lallai sai ya kashe ka ba, ya ishe shi ka wayi gari ka ji babu abin da ya rage maka a wurin da ya cancanci zama. Auren da ake ɗaurawa a tanti, da ajin da malama ta buɗe a kan yashi, da rawar nan, duk suna hana zuciya kai wa wannan gaɓa.

Yanzu in juyo kanmu, mu masu alƙalami. Basim Khandaƙji ya zauna a kurkukun Isra'ila daga 2004 zuwa 2025, a ciki ya rubuta littafin da ya ci babbar gasar ƙagaggun labarai ta Larabci a 2024. Rashid Masharawi ya sa masu fim 22 a cikin Gaza kowa ya ɗauki ɗan gajeren fim ana tsakiyar ruwan bama-bamai, aka haɗa aka nuna wa duniya a 2024. Mu kuma da wuta ta ɗauke kwana biyu sai mu ce ilhama ta gudu. Cikinmu nan, mu da muke cika baki da son Falasɗinu, mutum nawa ne ya taɓa karanta littafin Bafalasɗine guda ɗaya daga bango zuwa bango? Mutum nawa cikin masu Larabcinmu, ga su nan birjik, ya zauna ya juya mana Kanafani zuwa Hausa don matan aure da 'yan makarantar da ke karanta mu su san mutanen nan suna soyayya, suna kishi, suna rigimar gado, suna da dangin miji masu fitina kamar kowa? Ni ban yi ba, ina cikin masu laifin. Kai kuwa Malam ka yi karatu a ƙasar Larabawa, laifinka ya fi nawa.

Jiya na koma shagon na ce yaron ya sake kunna mini bidiyon, na kalla sau uku. Sai a na ukun na lura da wata 'yar ƙaramar yarinya a ƙarshen layi, silifas ɗinta ba iri ɗaya ba ne, ɗaya ya yi mata yawa. Ba ta iya rawar ba, in an yi dama sai ta yi hagu. Saurayin ya ajiye gangar, ya durƙusa ya kama ƙafarta ya nuna mata inda za ta sauke, sauran suka tsaya suna jiran ta, sannan aka sake farawa daga farko.

Na ce yaron ya tura maka a waya. Wassalam.